Gidan Zane Ba Na Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege, aikin wuyan riga nake yi. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ba ni labari cewa a ɗan garin da yake, duk Juma'ar farko ta wata gidajen baje zane-zane sukan bar ƙofa a buɗe har dare, mutane su yi ta zagaye a ƙafa daga wannan zuwa wancan. Mu bakwai ne a shago, muna so mu riƙa yin haka sau ɗaya a wata a nan Legas. Amma an ce wuraren nan na masu hannu da shuni ne. Za a bar mu mu shiga? Dole sai mun saya? Daga wani tela, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za a bar ku, kuma babu mai riƙe muku riga don ba ku saya ba. Yawancin gidajen zane kyauta ake shiga. Mai gidan ya fi son ya ga mutane a ciki da ya zauna yana kallon bango shi kaɗai.

Sai dai ka cire zancen zagaye a ƙafa irin na garin ƙanenka. Can titi ɗaya ne da gidaje biyar a jere. Nan idan ka ce za ka haɗa Yaba da Lekki a yini ɗaya, a kan gada za ka yi La'asar, wataƙila har Magariba. Ku ɗauki unguwa ɗaya kowane wata. Juma'a kuma ku bar ta, ga masallaci ga cunkoso. Asabar da safe ta fi, in dai ba lokacin ɗinkin Sallah ba ne, wanda na san ko kallon agogo ba ku yi.

Ni da Onikan zan fara. Ku sauka a dandalin Tafawa Ɓalewa, ku taka zuwa gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1957. Nan ana biyan ɗan kuɗin shiga. Akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda sunansu ya fito daga wani ƙauye a kudancin Kaduna, akwai kayan tagulla na Benin. Amma na san inda za ku tsaya ku yi shiru: gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na taɓa kai wani dattijo ɗan Kano, ya cire hula ya yi addu'a, bai ƙara magana ba sai da muka fito titi. Daga nan Freedom Park ba nisa, tsohon kurkukun Turawa ne da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010.

Wata na biyu Lekki, gidan zane na Nike, wanda Nike Davies-Okundaye ta buɗe a 2009. Wannan don ku aka yi shi. Bene ne hawa-hawa, zane tun daga ƙasa har rufi, har ido ya gaji. Kada ku yi ta gudu kamar masu neman mota a tasha. Ku nemi yadin adire, rinin shuɗi na Yarbawa, ku matsa kusa. Wani an ɗaure shi da zare kafin a tsoma, wani an zana shi da kullun rogo don kada baba ya kama wurin. Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata zai gane ɗan'uwan abin nan take. Kai da ka shekara kana fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, ka fi yawancin masu zuwa da manyan motoci sanin inda hannu ya karkace.

Bayan haka akwai Terra Kulture a Victoria Island, da Omenka a Ikoyi, na ɗan marigayi Ben Enwonwu. Uban ne aka sayar da zanensa mai suna Tutu a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. A Yaba kuma akwai cibiyar baje zane-zanen zamani da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007. Ku buga waya kafin ku tashi, don wani lokaci ana sauke tsohon baje koli ana rataya sabo.

Ladabin wurin kaɗan ne. Ba a taɓa zane da hannu, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. In kun ga ɗan jan ɗigo a gefen zane, an riga an saya ke nan. Tambayar farashi ba laifi, amma a ji shi da kunnen basira, kada wani ya yi salati da ƙarfi. Za ku ci karo da gumaka da zanen da bai dace da tarbiyyarmu ba. Ni nakan wuce zuwa bango na gaba.

Zancen kora kuwa, sau ɗaya na ga alamarsa. Ranar da na fara zuwa wani gidan zane a tsibiri, da 'yar shara da silifa, maigadi ya tare ni da Turancin buroka yana tambayar wa na kawo wa saƙo. Da na yi masa sallama sai ya washe baki, ashe mutumin Maraɗi ne. Ya ce shekara huɗu yana buɗe ƙofar nan bai taɓa hawa benen ba. Na ce ya zo mu hau tare, ya ce to wa zai tsare ƙofa?