Bazday ɗin ɗana mai otizim: wane wasa zan shirya?

Tambaya: Anti, daga Agege nake, ɗana zai cika shekara 6 kuma yana da otizim (lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da yadda yake jin abubuwa kamar ƙara), bara da muka kira DJ ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur yana kuka har aka watse. Bana ya zan yi? Akwai kuma 'yar yayata da ke kan keken guragu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki sallami DJ ɗin nan kawai. Yawancin yara masu otizim ƙara na damunsu sosai, ga sifika ga janareto ga balan-balan na fashewa, haba, ko babba ma sai kansa ya yi ciwo. Masu shigar katun ɗin nan ma da 'yan Legas ke so, wasu yaran tsoronsu suke ji don ba sa ganin fuskar mutum.

Ki gayyaci yara kamar 8, awa 2 ta isa. Ki shimfiɗa takarda da fenti a tebur wanda keken zai iya shiga ƙarƙashinsa, sai hura kumfar sabulu, kowa zai iya. Ki ware ɗaki ɗaya shiru da ɗanki zai je ya huta, kuma tun ana saura kwana 3 ki riƙa gaya masa wa zai zo da abin da za a yi. Waƙar yanka kek ɗin ma a yi ta a hankali, banda tafi da ihu.