Amsa: Filin da ke jikin gidana ya zama daji

Malam ka ce filin maƙwabcinka ya cika da ciyawa da bola, mai shi ko leƙowa ba ya yi, ko akwai doka a kai. Wallahi akwai. Amma fara da mai unguwa tukuna, shi ya san mai filin ko dillalin da ya sayar. In an kira shi ya yi kunnen uwar shegu sai ka je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka nemi duba-gari, su ke ba da notis a share, in ya ƙi su kai shi kotu a ci shi tara. Kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin gari a hannun gwamna take, takardar mallaka ma yawanci da sharaɗin a gina.

Mu a layinmu nan Kano bara tafasa ta kai ƙugu, sauro ba a magana, har yarona ya ga maciji a bakin kwata, ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli muka fito da adda da fartanya muka share. Don Allah kar ka cinna wuta, gidaje na kusa.