Hukuncin sauya fitilar mota zuwa zenon

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direba ne, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Ina jigilar fasinja tsakanin Maradi da Tasawa, wani lokaci har Damagaram, kuma yawancin dawowata da dare ce. Fitilar motata ta yi rauni ƙwarai, ga amalanke, ga dabbobi, ga ƴan kabu-kabu marasa fitilar baya. Mai gyaran wuta ya ce in cire ƙwan da motar ta zo da shi in sa na zenon, mai farin hasken nan da ɗan shuɗi-shuɗi. A tasha wani ya ce mini haramun ne don yana kashe wa mutane ido. Wani kuma ya ce motarka ce, kuɗinka ne, kuma kowa ya sa, in ba ka sa ba kai za a riƙa makantawa. Mene ne hukunci? In kuma na sa, wani ya yi haɗari saboda haskena, akwai alhaki a kaina?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Allah ya tsare hanya, ɗan'uwa, ya sa albarka cikin sana'a. Fitilar zenon ita kanta halal ce. Amma abin da mai gyaran ya ba ka shawara, wato a cusa ƙwan zenon cikin gidan fitilar da aka ƙera don ƙwai irin na da, bai halatta ka hau hanyar jama'a da shi ba muddin yana kashe idon mai tahowa, kuma galibi kashewar yake yi.

Asalin abubuwan amfanin duniya halal ne sai abin da dalili ya hana, domin Allah ya ce shi ne ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, a aya ta 29 cikin Suratul Baƙara. Buƙatarka kuma ta gaskiya ce. Direban da ya ɗauki rayukan mutane ya shiga dare da fitilar da ba ta nuna masa hanya, shi ma sakaci ya yi, kuma gyaran wannan fitila wajibi ne a kansa. Saboda haka babu mai ce maka ka haƙura da duhu.

Malaman usulu suna cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu buɗe fitilar mu duba. Ƙwan da yawancin motocinmu suke zuwa da shi, wanda ake kira halojin, wani siririn zare ne na ƙarfe a cikinsa da yake yin zafi ya ba da haske. Yana cin wat 55, haskensa kuma, a ma'aunin haske da ake kira lumen, yana tsakanin 1,000 da 1,500. Na zenon ba shi da zare. Wuta ce take tsalle tsakanin tsinke biyu cikin iskar zenon, sai wani ɗan akwati da ake kira balas ya ɗaga ƙarfin batir daga bolt 12 zuwa sama da 20,000 a lokacin kunnawa, sannan ya sauko wajen 85. Yana cin wat 35 kawai amma yana ba da lumen kusan 3,000, ninki biyu ko uku ke nan. Kamfanin BMW ne ya fara fito da shi a mota a 1991.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwanon nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan. Maƙera sun lanƙwasa shi ne daidai da inda zaren halojin yake zama, da tsawonsa da siffarsa, don in ka sa kod, wato ƙaramar fitila, hasken ya zuba a kwalta da gefen dama, ya yanke a wani layi da ba zai kai idon mai tahowa ba. Wutar zenon siffarta daban, tana ɗan gantsarewa sama, kuma ƙarfinta ya fi taruwa a bakunanta biyu. In aka sa ta a kwanon da ba nata ba, layin nan ya lalace, haske ya fantsama sama da gefe. Sai ka ga mota tana kan kod amma mai tahowa yana ta yi mata alama ta rage far, wato babbar fitila, direba kuwa yana rantsuwa bai kunna far ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta amfani wanda aka makantar da komai ba.

Motocin da suka fito daga kamfani da zenon ba haka aka bar su ba. Yawancinsu suna da wani ƙwallon gilashi a gaban ƙwan da wani ƙarfe a ciki mai tare hasken da zai tashi sama. Ƙa'idar Turai, inda da yawa daga motocin hannun da ake shigo mana da su suka fito, ta wajabta cewa duk kod ɗin da ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa masa na'urar da take sunkuyar da fitila da kanta in an danne bayan mota da kaya, da kuma abin wanke gilashin fitilar, don datti yana watsa haske. A Biritaniya motar da aka sa wa zenon a gidan halojin ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara. Ban kawo wannan don dokarsu ta hau kanmu ba. Na kawo shi ne a matsayin shaidar masana sana'a, kuma shari'a tana komawa ga masana wajen tabbatar da cuta. Abubuwa biyun da suke tsoro kuwa su ne abincinmu na kullum: but cike da buhunan gero, fasinja huɗu a baya, hancin mota ya ɗaga sama, gilashin fitila kuma ya sha ƙura tun daga Agye.

Ka ƙaddara ɗan kabu-kabu ya fito daga Cadawa bayan isha'i, ya goyo mace da jariri a bayanta. A gabansa akwai amalanken shanu da ba ta da ko ƙyalle mai ƙyalli. Kai kuma ka taho daga gabas da haskenka. Duk wanda aka taɓa haska wa tocila a fuska cikin duhu ya san bayan an kawar da ita ma sai ido ya ɗauki lokaci kafin ya dawo, dattijo da mai yanar ido kuwa sun fi daɗewa. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda, makantar daƙiƙa uku mita 75 ke nan ana tuƙi a kan ƙaddara. Kai ka wuce lafiya, ba ka ma san abin da ya faru a bayanka ba. Wannan ne ya sa mutane suke raina laifin nan, domin mai yinsa ba ya ganin gawar.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, kuma shi ne hadisi na 32 cikin Arba'una na Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. A hadisin Abu Sa'idil Khudri na Bukhari da Muslim, da sahabbai suka tambayi haƙƙin hanya, cikin abin da ya lissafa akwai kame cuta. Wanda ya fi kusa da mas'alarka shi ne hadisin Abu Musal Ash'ari, shi ma na Bukhari da Muslim: wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, to ya riƙe tsininsu da hannunsa kada ya ji wa wani musulmi rauni. Ba a hana shi mallakar kibiya ba, ba a kuma ce yana nufin sukan kowa ba. An dai ɗora masa nauyin tsare kaifin kayansa tun kafin wani abu ya faru.

Maganar abokinka cewa motarka ce, kuɗinka ne, Ibnu Abi Zaid ya riga ya amsa ta a Risala, cikin babin hukunce-hukunce da shaida. Bayan ya kawo hadisin "babu cuta, babu cutarwa" sai ya ce mutum ba zai yi abin da zai cuci maƙwabcinsa ba, kamar buɗe taga kusa da za ta leƙa gidansa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi, "ko da a cikin mallakarsa ne". In an hana mutum haƙa a cikin gidansa saboda maƙwabci guda, ina ga hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ba ta kowa ba ce, kuma duk wanda ka yi kiciɓis da shi a kanta yana da haƙƙin da kake da shi?

Batun kowa ya sa kuma, ƙa'ida ita ce ba a kawar da cuta da cuta irinta. Yawan masu aikata abu ba ya halatta shi. Ramuwar ma ba a kan wanda ya cuce ka take sauka ba. Mai babbar motar da ya kashe maka ido jiya ya yi gaba, wanda za ka kashe wa yau wani tsoho ne a kan keke. In kuwa kuka haɗu ku biyu masu zenon, an sami makafi biyu suna tunkarar juna da gudu, kowa da fasinjansa.

Sai alhaki. Risala ta ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka, malaman zamani kuma a kan wannan suka gina hukuncin direba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi, a zamanta na 8 a Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini, saboda yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ya shafi maslahar jama'a. Rage haske in an haɗu da abin hawa kuwa darasi ne da duk mai lasisi ya san shi. Majalisar ta kuma ce in aka sami wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, lamuni yana kan na farko, sai fa in mai sanadin ya ƙetare iyaka shi kuma wancan bai ƙetare ba. To ɗan kabu-kabun da ke tafiya a hannunsa, da gudu daidai, hasken da aka sa ba bisa ƙa'ida ba ya makantar da shi ya afka wa amalanke, nauyin yana komawa kan mai hasken. In rai ya salwanta, hukuncin kisan kuskure ne da ke aya ta 92 a Suratun Nisa'i: diyya, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Malik da Shafi'i da Ahmad suna wajabta kaffara a kan mai sanadi, Abu Hanifa ne ya ce babu. Tantance wanda ya yi laifi a haɗari takamaimai aikin alƙali ne da masu bincike, in kuma kowa yana da nasa kason sakaci sai a raba. Wanda ya sa fitilar bayan an gaya masa tana makantarwa, zunubin ganganci wajen jefa mutane cikin haɗari yana kansa ko da ba a taɓa kama shi ba.

In kana son zenon ta hanyar da ta halatta, sai a sauya gidan fitilar gaba ɗaya da wanda aka ƙera don zenon, a haɗa wayoyin da kyau da fiyus ɗinsu, a saita shi da irin lodin da ka saba ɗauka, kuma ya zama hukuma ba ta hana ba. In ta hana, zancen ya ƙare.

Amma shawarata, kafin ka kashe wannan kuɗi, ka dubi motar tukuna. Yawancin fitilun da ake cewa sun mutu, robar gabansu ce rana ta dafa ta koma ruwan ɗorawa, ko ƙwan ya tsufa, ko wayar ta yi tsatsa wuta ba ta isa, ko kuma wani rami ya karkatar da saitin. A goge robar, a sa sabon halojin na ƙwarai mai wat ɗin da kamfani ya rubuta, a duba wayoyi. Sannan bayan magariba ka tsayar da motar a wuri mai baje, mita 10 daga bango, ka sa kod. Ya kamata ka ga layi a fili, sama duhu ƙasa haske, kuma layin ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Daga nan ka bar ta a kunne, ka taka gaba da nisa, ka juyo ka ɗan durƙusa daidai tsayin wanda ke zaune cikin ƙaramar mota. In ka kasa buɗe ido, ka sami fatawarka da idonka.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Lambar nan ta 6000K ko 8000K da ke jikin kwali launi take nunawa, ba ƙarfi ba. Zenon na kamfani wajen 4300K yake, duk yadda lambar ta hau hasken yana ƙara shuɗi yana raguwa. Hasken da ya fantsama sama kuma, in hunturu ya shigo hazo ya sauka, ƙurar yake duka ya dawo maka fuska. Gaban mota zai yi fari fat har ka ji daɗi, nesa kuwa inda amalanken yake ba lalle ka ƙaru da komai ba. Mai shagon da ya san haka ya ce wa mai saye babbar lamba ita ce babban haske, ya shiga hadisin Muslim: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Sayar da kayan kansa halal ne tunda yana da halastaccen amfani. Mai gyaran da ya ɗaura shi a inda ya san zai makantar da mutane kuwa yana da rabonsa na laifi, domin Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida.

Wannan hukunci ya haɗa da fararen ƙwayayen LED da ake cusawa a gidan halojin in sun ɓata layin, da dogayen fitilun da ake ɗaurawa a saman mota. Waɗannan na daji ne inda babu kowa, da zarar ka hango abin hawa ko mai tafiya a ƙasa wajibi ne ka kashe su. Wanda ya riga ya sa kuma ya gwada ya ga tana makantarwa, ya mayar da ƙwan asali kafin ya sake yin tafiyar dare, tsohon ƙwan dai yana nan a garaji in bai yar ba.

Wallahu a'alam.