Amsa ga mai tambaya akan rabuwar The Police da dawowarsu

Salam ƴan uwa. Ƙanena da ka tambaya cewa ka tsinci tsohon kaset ɗin ƙungiyar mawaƙan nan The Police a kayan babanka, kana son sanin me ya raba su suna tsakiyar tashe, kuma dawowar da sukayi shiri ne ko neman kuɗi, toh ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don ina saurayi na zauna a shagon yayana muna ɗaukar wa mutane waƙa a kaset, kuma waƙarsu na ɗauke ta yafi a ƙirga.

Mu lokacin rege ce take ci, Bob Marley ko ina, shine ranar da na fara jinsu na ɗauka ƴan Jamaika ne, sai da naga hoton bangon faifan, turawa uku masu farin gashi. A Landan suka haɗu 1977, mai ganga Stewart Copeland ɗan Amurka shi ya kafa ƙungiyar, shi ya jawo mai rera waƙa Sting wanda malamin makaranta ne a yankin Newcastle yana kiɗan jaz da dare, daga baya Andy Summers mai jita ya shigo, shi ya girme su da kusan shekara goma. Kiɗan da ake cewa new wave kenan, saurin kiɗan punk amma an gyara shi, su kuma suka zuba masa rege. Ka riƙe wannan, mai ganga ne ya kafa, don nan gizo yake saƙar.

Faifai biyar kacal sukayi daga 1978 zuwa 1983. Tun a na farko aka gane waƙar da Sting ya rubuta ita ke sayuwa, Roxanne da sauransu, toh a tsarin turawa wanda ya rubuta waƙa kuɗinsa daban ne, duk sanda aka saka ta a rediyo sai an biya shi. Kaga mutum ka kawo shi gidanka ya zama shine mai gida, shi ke cewa wannan waƙar taka bazata shiga faifai ba, nan ma rage dukan gangar. Wa zai jure? Lokacin da suke ɗaukar faifansu na ƙarshe Synchronicity a tsibirin Montserrat kowa a ɗakinsa daban yake kiɗa, Sting da Copeland har dambe sukayi wajen aikin waƙar Every Breath You Take, amma faifan ya fito ya shafe sati 17 a saman jadawalin Amurka, a shekarar da Michael Jackson yake ganiyarsa fa. Suka cika filin Shea a New York, suka rufe rangadin a Ostireliya watan Maris 1984, daga nan kowa ya kama gabansa ba tare da wata sanarwa ba.

Ni abin bai bani mamaki ba wlh, don mun taɓa haɗa ƴar ƙungiyarmu mu huɗu muna wasa a bikin makarantu, ko sisi bamu tara ba amma rigimar sunan wa za'a fara kira ta watsa mu cikin wata takwas, ina ga inda ake maganar miliyoyi. Zo mu zauna zo mu saɓa.

Sun gwada komawa situdiyo a 1986, sai Copeland ya faɗo daga kan doki ya karye a kafaɗa, dama mayen folo ne, ba halin buga ganga, sai tsofaffin waƙoƙi biyu suka sabunta da na'ura aka tashi. Bayan nan sai ɗan haɗuwa jefi jefi, bikin auren Sting a 1992, da 2003 da aka karrama su.

Wanda nake tausayi shine Andy. Wannan kiɗan jitar da kowa ya sani a Every Breath You Take shi ya ƙirƙiro shi, kuma shi mawaƙin Amurka Puff Daddy ya ɗauka a 1997 yayi waƙar ta'aziyyar abokinsa mawaƙi Biggie, wadda ku ƴan baya kuka fi sani, amma sunan Sting kaɗai ne a matsayin marubuci, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Dawowar kuma, a bikin karrama mawaƙa na Grammy na Fabrairu 2007 suka fito tare, suka fara rangadi a Vancouver watan Mayu, suka kammala a New York watan Agusta 2008, kuma an tara sama da dala miliyan 350. Na kalli bidiyon, kiɗan yana nan daram, Copeland da furfurarsa yana dukan ganga kamar yana bin ta bashi. Amma ni ma'aunina ɗaya ne in ana maganar ƙungiya ta dawo, shin sun zauna sun rubuta sabon abu tare? Basu yi ba, ko waƙa ɗaya, don da an zo rubutu tsohuwar rigimar ce zata tashi. Bance kuɗi ne kaɗai ba, Sting bai rasa ci ba lokacin, ina ganin akwai son a rufe littafin da kyau tunda a 1984 ko sallama basu yi wa masoyansu ba. Amma shiri irin wanda kake nufi, a 2025 Andy da Copeland suka maka Sting a kotun Landan akan kuɗin waƙoƙin, sai ka auna da kanka.

Kaset ɗin kuma kada ka saka shi kai tsaye, fara juya shi da biro gaba da baya tukuna, in ya daɗe a ajiye zaren mannewa yake, rediyo ta cinye maka shi a banza.