Amsa ga Malamar da ɗalibanta masu jin Sifaniyanci suka maƙale wa must

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kina koyar da mutum biyu Turanci ta intanet, ɗaya ɗan Sifen, ɗaya 'yar Kolombiya, ko me za su faɗa sai must ya fito, in sun zo roƙon abu kuma kamar umarni suke bayarwa. Na daɗe ina wannan aikin a Malabo, ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci ne harshen hukuma da na makaranta, kuma yawancin ɗalibaina ma'aikatan otal ne da na kamfanonin mai.

Shawarata ita ce ki ajiye must tukuna. Ƙamus ne ya ce musu kalmarsu ta Sifaniyanci deber ita ce must, alhali su deber ɗinsu yana ɗaukar dole, yana ɗaukar shawara. Akwai wata ɗalibata mai karɓar baƙi a otal, ta ce wa wani Ba'amurke "You must wait here", mutumin ya haɗe rai, ita kuwa baiwar Allah har da murmushinta, a ganinta ta kyautata masa. Ki fara da have to. Ƙirarsa ɗaya da tener que nasu, don haka nan da nan suke kama shi, kuma yana zuwa ko'ina: jiya had to, gobe will have to, tambaya do I have to. Must ba shi da sigar abin da ya wuce, shi ya sa za ki ji ana ƙirƙiro "musted". Sai have to ya zauna daram ki kawo should, ki jingina shi da debería. Must ya zo ƙarshe, ki nuna musu shi a inda ya fi zama: allon sanarwa, dokar tsaro a wurin aiki, takardar neman biza. In kika zuba su duka rana ɗaya, "must to go" za ki girba, kuma cire wannan to ɗin daga bakin babba aiki ne ja.

Inda ake asarar gaske shi ne wajen korewa. Mustn't hani ne, don't have to kuwa sauƙi ne, kamar tazarar "kada ka zo" da "ba sai ka zo ba". Su kuma no tienes que a bakinsu yana iya karkata nan ko can, gwargwadon zancen. Ni ba na bari a fassara da shi ko kaɗan. Nakan ce mustn't shi ne está prohibido, don't have to shi ne no hace falta, sai in sa kowa ya rubuto dokokin wurin aikinsa: abin da in ka yi za a kore ka, da abin da in ka bari ba wanda zai ce maka uffan. Wannan ya cancanci darasi guda sukutum.

Batun ladabi kuma, ba rashin tarbiyya ba ne. Suna da tú da usted, kusan yadda muke ce wa babba "ku". Turanci you kaɗai gare shi, sai nauyin girmamawa ya koma kan could da would. Kuma ɗaliban naki biyu ba ciwo ɗaya ke damun su ba. A Madrid mutum zai ce wa mai sayar da gahawa "ponme un café", wato zubo min, ba wanda zai ji haushi. A Bogota, babban birnin Kolombiya, kuwa "¿me regala un tinto?" ake cewa, wato za ka ba ni kyautar baƙar gahawa, kamar kyauta ake roƙo alhali biya za a yi. 'Yar Kolombiyar tana da taushin, kalmomin take nema. Ɗan Sifen ɗin sai kin gamsar da shi cewa "Give me a coffee" ba ya gyaruwa don an liƙa masa please a wutsiya.

A nan ba na bayanin nahawu. Haddar jimla nake bayarwa: Could you, Can I have, I'd like, Would you mind. Sai mu yi wasan kwaikwayo da buƙata guda, a ce aron caja, ya nema wurin aboki, wurin baƙo a filin jirgi, wurin maigidansa. Ki ja kunnensu kan Would you mind, don mai amincewa "no" yake cewa, kuma aikatau mai bin sa da -ing yake ƙarewa.

Ki kasa kunne ga furuci ma. Da yawansu would yana fita kamar good, suna karanta l ɗin should da could, kuma t ɗin can't yana ɓacewa har a kasa gane zai iya ne ko ba zai iya ba. Ki sa su riƙa turo miki saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, ki gyara abu guda kawai a kowane saƙo. Shall da ought to kuwa ki bar su, sai in jarrabawar Turanci ta Cambridge za su zauna.