Hukuncin shiga gidan tarihin tabar wiwi na Amsterdam

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a ƙasar Holan, ina karatun aikin gona. Malaminmu ya sa ziyarar gidan tarihin tabar wiwi da ke Amsterdam cikin aikin wannan zangon, kuma da maki a kai. Ya halatta in biya kuɗi in shiga? Rigar da aka saƙa da zaren wannan tsiro kuwa, ana salla da ita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, bari mu fara da rigar, don ita ce mai sauƙi. Ka sa abarka ka yi salla. Tsiro ba najasa ba ne, kuma irin da ake nomawa don zare, dokar Tarayyar Turai ba ta yarda sinadarin maye na THC ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari a jikinsa ba. Ɓawon karansa ake sarrafawa, kamar yadda ake ɓare rama a gida a tufka igiya. Da shi Turawa a zamanin da can suke yin igiyoyi da filafilan jiragen ruwa, har da takarda.

Shanta don buguwa kuwa haramun ne, babu ja a tsakanin mazhabobi huɗu. Muslim ya ruwaito cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk mai sa maye haramun ne. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya hana duk mai sa maye da mai kashe jiki. Inda malamai suka saɓa shi ne sunan laifin. Ibnu Taimiyya ya haɗa hashisha, wato tabar wiwi, da giya, ya ce a yi wa mai shanta haddi. Ƙarafi, cikin manyan Malikiyya, ya ce tana gurɓata hankali ne ba irin na giya ba, don haka horon alƙali ya hau kan mai ita, kuma ita kanta ba najasa ba ce. Masu neman kafa su kan ɗauki rabin maganar Ƙarafi su gudu da ita, alhali shi ma bai halatta wa kowa ya gusar da hankalinsa ba.

To, sai gidan. Ben Dronkers ne ya kafa shi a shekarun 1980, aka buɗe masa reshe a Barcelona a 2012. Mutumin nan mai kamfanin sayar da irin wiwi ne, Sensi Seeds, saboda haka kada ka zaci wurin ɗan ba-ruwanmu ne. A ciki za ka ga igiyoyi da saƙe-saƙe da tsofaffin kwalaben magani, ka kuma ga lofuna jere a gilashi da tsiron a raye, duk an tsara su don a ƙawata maka abin. Ga shi kuma a unguwar De Wallen yake, inda ake karuwanci a fili.

Saboda haka, mai zuwa yawon buɗe ido ban ga hujjarsa ba. Kuɗinsa taimako ne ga masu tallata ta, Allah kuwa ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Kai naka daban ne, buƙata ce ta kai ka, kallon abu don ilimi kuma ba shansa ba ne. Fara roƙon malamin ya musanya maka da ziyarar gona ko masaƙa. In ya ƙi, ka je da rana tare da 'yan ajinku, ka rubuta abin da ya shafi karatunka, ka fito. Kada ka ɗanɗana, kada ka zauna inda ake busawa ko da a shagunan kofi masu sayar da wiwi ne da hukumar can ta kau da kai a kansu, domin an hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya. Kada ka sayi lofe ko iri da sunan tsaraba. In Nijeriya za ka koma, ka sani noman wiwi da shigo da ita laifi ne, kuma jami'an NDLEA na nan a filin jirgi. Wallahu a'alam.