Tambaya da Amsa: Yaya aka gina tashar binciken sararin samaniya?

Tambaya: Malam, bayan magariba muna ganin wani haske yana ratsa sama kamar tauraro. An ce tashar ISS ce. Wa ya gina ta?
Daga mai karatu, Aboabo, Kumasi

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa ita ce, wato tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Haskenta ba ya ƙyaftawa kamar na jirgin sama.

Ƙasashe 15 ne suka sa hannu a yarjejeniyarta a 1998. Nauyinta ya haura tan 400, babu rokar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya, don haka ɗaki-ɗaki aka kai ta. Rasha ta harba ɗakin farko mai suna Zarya daga filin harba roka na Baikonur da ke Kazakhstan a Nuwamba 1998, a Disamba Amurka ta haɗa mata ɗaki na biyu mai suna Unity. Tun Nuwamba 2000 akwai mutane a cikinta.

Hatsarin kumbon Amurka mai suna Columbia a 2003, wanda ya hallaka mutum 7, ya tsayar da ginin sai 2006, domin irin wannan kumbon ne ke kai yawancin sassan tashar.

Tashar tana nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, inda 'yar iskar da ta rage take rage mata gudu ta ja ta ƙasa, dole ake kunna injin a ɗaga ta lokaci-lokaci. Abin alfaharinmu kuma, daga ɗakin Japan mai suna Kibo aka saki tauraron ɗan'adam na Ghana, GhanaSat-1, a 2017.